Kurakuran Masu Fatsa a Bakin Kogin Haɗeja, da Yadda Za a Gyara Su

Duk wanda ya zauna da masunta a Wudil, ko Ringim, ko ƙauyukan da ke tsakanin Auyo da Haɗeja, zai ji kuka iri ɗaya, wato kifi ya ragu, kuma wanda ake samu ma ya ƙanƙance. Kukan gaskiya ne, dalilansa kuma ba ɓoyayyu ba ne. An kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka kammala na Challawa da ke Ƙaraye a 1992, waɗannan koguna biyu kuwa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. A da, ruwan damina yakan malale fadamu, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, da rani kuma kogi ya janye ya bar gurabe. Yanzu ana tare ambaliyar, ana sako ruwa da rani saboda noman rani, shi ya sa ciyawar kacalla ta sami ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ga kuma yawan hannun da ke kan kogin. Mai fatsa ba shi da iko a kan ƙofar dam, amma na lura cewa da yawa daga cikinmu muna dawowa gida da gora wayam ne saboda har yanzu muna su kamar kogin kakanninmu muke yi wa, alhali ruwan ya sake hali.

Kuskuren da ya fi kowane cin lokacin mutane shi ne naci a gurbin gado. Ni kaina na yi damina biyu ina zama gindin wata giyayya, saboda a nan kawuna yake fito da manyan tarwaɗa lokacin da nake riƙe masa gwangwanin tana. Da ruwa ya ja baya a wata bazara, sai na shiga da sanda ina dungura ƙasa, na tarar wurin da ake cewa yana shanye mutum tsaye yanzu iyakarsa gwiwa, laka da yashi sun cike shi, ruwan kuma ya koma cin gaɓar da ke tsallake. Ashe damina biyu ina jefa ƙugiya a kan tudu. Gyaran wannan yana bukatar tafiya a ƙafa cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai. A bi gaɓa a lura da bayan kwana, inda ruwa ke sassaƙe ƙasa ya yi zurfi, da inda kututture ya nutse, da bakin ƙorama ko magudanar da ke zubo wa kogi ruwa, a sa musu alama da itace ko tudun da ruwa ba ya rufewa. Idan damina ta kankama aka koma, kada a sa koto sai an ɗaura dalma kaɗai an jefa wurare uku ko huɗu an gane zurfin.

Kacalla ma ana yi mata gurguwar fahimta. Wasu suna gudunta gaba ɗaya, wasu kuma suna jefawa tsakiyarta su yi ta asarar ƙugiya. Tsakiyar kacalla mai kauri ruwanta a tsaye yake, ruɓaɓɓen ganye ya cinye iskar da kifi ke shaƙa, ba ka samun komai sai tarwaɗa da gaiwa waɗanda suke iya shaƙar iska daga sama. Gefenta kuwa, inda ta yi iyaka da sararin ruwa, nan ne ƙananan kifaye suke fakewa, manya kuma suke kewayawa. Wanda zai iya, ya yanke 'yar hanya mai faɗin taku biyu da lauje, ya yi yankan a ƙarƙashin ruwa domin tushen ya nutse ya ruɓe, don idan aka yanke a saman ruwa cikin 'yan makonni take tohowa.

Sai maganar lokaci. 'Yan ci-ranin da suka zauna a Legas sun ga yadda masu su a bakin teku suke lissafi da cikowar ruwa da janyewarsa sau biyu a kowace rana. Mu ba mu da teku, namu lissafin yana tare da ruwan sama, da sanyi, da ranar da aka sako ruwa daga dam. Mutum ya gama aikin gona da azahar, ya ɗauki fatsa rana na tsakiyar ka, ya ce bari ya gwada sa'a, alhali a wannan lokacin kifi ya sauka ƙasa ko ya shige inuwa. Karfasa da ido take kiwo, saboda haka hantsi da la'asar sakaliya ne lokacinta. Tarwaɗa da gashin baki take laluben abinci, ta fi fitowa daga magariba zuwa dare, kuma ba ta da ranar da ta fi wadda aka kwana ana ruwa, kogi ya yi ja, ƙoramu suna kwaso tsutsa da ƙwari. Da hunturu kuwa lissafin juyewa yake yi. Sammakon asuba a watan Disamba da Janairu wahala ce kawai, domin sanyi yana kashe wa kifi jiki ya rage ci, gara a bari rana ta ɗumama ruwa a fita bayan azahar. Haka nan idan aka ga ruwa ya ƙaru da rani ba tare da hadari ba, an sako shi ne daga sama, sai a koma gefen da sabon ruwan ya hau ciyawa.

Kayan aiki kuma kwaɗayi ne yake ɓata su. Kowa yana mafarkin giwan ruwa, sai ya sayi ƙatuwar ƙugiya da lilo, wato zaren fatsa, mai kauri, ya zauna a wurin da babu komai sai karfasa mai ƙaramin baki, tana tsattsage koto tana barinsa da ƙarfe tsirara. Idan totuwar da aka ɗaura wa zaren tana rawa tana rawa amma ba ta nutsewa, ka fizga ka ga wayam har sau uku, to ƙugiyar ta yi girma, a sauya ƙarama. A riƙa gwada kaifinta a kan farce: mai kaifi takan kama, dakusasshiya kuwa zamewa take yi, sai a wasa ta da ɗan dutse ko a yar. Lilon da ya shekara a rataye a rana ya riga ya mutu ko da ido bai nuna ba, kuma ranar da babban kifi ya kama ne zai tona asiri. A jiƙa ƙulli da yawu kafin a ja shi ya ɗaure, domin busasshen ƙulli yana ƙona zaren.

Wajen koto, tana da gara suna yi wa kusan kowane kifi, hanjin kaza ya fi jan tarwaɗa, tuwo da aka murza da dusa da ɗan garin ƙuli-ƙuli kuma na karfasa ne. Giwan ruwa mafarauci ne, ba ya kula tuwo, sai ɗan kifi mai rai irin kawara. Abin da ake yawan mantawa shi ne hannu. Wanda ya zuba wa babur ko injin ban-ruwa fetur, ya zo ya murza tuwo da wannan hannun, ya riga ya kori kifin da kansa. A cuɗa hannu da lakar bakin ruwa tukuna. Watsa dusa domin tara kifi dabara ce mai kyau, amma tafi ɗaya ya isa, wanda ya juye kwano guda ciyar da su ya yi kyauta. Kuma a zauna, a rage buga ƙafa a gaɓa, kada inuwar mutum ta faɗa kan ruwa.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan duka nauyi, domin shi ba mai yinsa kaɗai yake cutarwa ba. Da kifi ya ragu, sai muka koma kwashe 'ya'yansa. Gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, an ɗinke shi an mai da shi taru, ana jan sa a bakin gaɓa, yana fito da 'yan kifayen da ba su kai ɗan yatsa ba, a shanya su a kan buhu a sayar da mudu. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kimanin inci uku, ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. Masu zuba Gamalin ko maganin feshin gona a gurbi da rani sun fi kowa ɓarna, saboda gurbin rani shi ne rumbun iri, a nan iyayen da za su hayayyafa da damina suke jiran ruwa, ga shi kuma dabbobi suna sha, mutane suna cin kifin.

Mai fatsa yakan ce wannan laifin masu raga ne, shi ɗaya-ɗaya yake kamawa. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Wata rana na ciro karfasa mai faɗin tafin hannu a wani wuri marar zurfi mai yashi, ina cire ƙugiya sai ta tofar min da ƙwai rawaya a hannu, ƙanana kamar ƙwayar gero. Irin wannan karfasar a baki take renon ƙwanta har su ƙyanƙyashe, kuma 'yan ramukan nan masu kama da kasko da ake gani a yashin bakin ruwa, namijin ne yake haƙa su domin aure. Wanda ya tsuguna a kan waɗannan ramuka yana ciro iyaye, ɗaruruwa yake kashewa a kowace fizga. Idan aka ga ramukan, a matsa gaba. Tarwaɗar farkon damina mai kumburarren ciki, wadda take kutsawa cikin ciyawa har ana iya kama ta da hannu, ita ma ƙwai ne a cikinta. Na san mai iyali da ke neman abin miya ba zai ji daɗin a ce ya mayar da kifi ruwa ba, kuma ba na ganin laifinsa idan ya riƙe ɗaya. Amma ƙaramin da bai kai tafin hannu ba, da uwar da ƙwai ke zuba daga jikinta, a jiƙa hannu a zare ƙugiya a hankali a sake su. A garuruwan da Sarkin Ruwa yake da ta cewa har yanzu, ana rufe wasu gurabe sai ranar da aka ba da izini a yi su na gayya, kuma tsarin yana aiki ne muddin masu fatsa ba su riƙa satar hanya da dare suna cewa dokar ta masu koma ce ba.

Saura abin da ke biyo bayan kamu. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku masu tauri, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma sukarsu tana da raɗaɗi, don haka a riƙe shi ta bayan ƙayoyin, kada a damƙe shi gaba ɗaya. Tsayuwa cikin ruwa marar gudu mai ciyawa har tsawon yini ita ce hanyar kamuwa da tsargiya, wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai maganinta. Da damina kuma kada a zauna a leɓen gaɓar da ruwa ya rarake ƙarƙashinta, domin ba ta sallama idan za ta zabtare. Kifin da aka kama kada a ƙulle shi a baƙar leda a ajiye a rana, kafin la'asar cikinsa ya fara lalacewa. Tarwaɗa tana daɗewa da rai a gora ko bokiti mai ɗan ruwa a inuwa. Karfasa kuwa ba ta jure haka, sai a farke ta a cire hanji, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, idan kuma gida da nisa ko an samu da yawa, a sa gishiri a hau banda a daren, da itacen da ya bushe sosai.