Ku bar motar a ƙarƙashin bishiya

'Yan uwa na Gusau, in za ku cefane, ku aje mota wuri ɗaya, ku ƙarasa da ƙafa.

Ni inuwar dogonyaro nake nema kusa da Tsohuwar Kasuwa. Mahauci, mai kayan miya, mai POS, duk a ƙasa nake zagaya su.

Tada mota da kashe ta kowane lungu shi ke shan mai, musamman in injin bai ɗau zafi ba. Batir ma ba ya samun caji sosai. Tun cire tallafi a 2023, wa ke wasa da lita?

Amma kar ku gwada da tsakar rana a watan Afrilu. In kuma akwai buhun shinkafa, ku nemi ɗan baro.