Darasi na Bakwai: Yadda Ɗan Kasuwa Yake Karya Jarinsa da Hannunsa

Idan shago ya mutu, abin da mai shi ya fi faɗa shi ne kasuwa ta lalace, ko kuma mahassada sun sa masa hannu. Gaskiya ne akwai abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar tsadar kaya da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, wadda ta taɓa mai tireda da mai babban kanti baki ɗaya. Amma a layi ɗaya na kasuwa akan samu maƙwabta biyu masu sana'a iri ɗaya, tsada ɗaya ta same su, ɗaya ya tsaya da ƙafafunsa, ɗayan ya rufe. Wannan darasi ya shafi ɓarnar da ɗan kasuwa yake yi wa kansa, domin ita ce yake da ikon gyarawa.

Babbar ɓarna ita ce cin uwar kuɗi. Abin da ke cikin akwatin ciniki da yamma ba riba ba ne, mafi yawansa kuɗin kayan da suka fita ne, kuma da su za a koma sari. A ɗauki misalin mai awon hatsi da ya saro buhun masara a kasuwar Dawanau ta Kano a kan naira 40,000, ya biya naira 2,000 na mota da dako. A ce buhun ya ba shi kwano 40, yana sayar da kowane kwano naira 1,200. Cinikinsa duka naira 48,000 ne, ribarsa kuma naira 6,000 ce kawai. Idan buhun ya yi kwana goma kafin ya ƙare, shi kuma kullum yana zarar naira 1,000 don cefane, to ya cinye ribar, ya haɗa da naira 4,000 daga jari. Ranar da ya koma Dawanau, naira 38,000 ce a aljihunsa, ba ta isa buhu ba, balle kuɗin mota. Abin takaicin shi ne bai yi almubazzaranci ba, iyalinsa ya ciyar, shi ya sa ba zai taɓa zargin kansa ba.

Maganin wannan shi ne mutum ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka, kamar yadda zai yanka wa yaron shago, kuma kada abin ya wuce ribar. Kuɗin kasuwa su zauna daban, na gida daban. Yanzu da masu saye da yawa suke tura kuɗi ta waya, ya kamata asusun ciniki ya bambanta da wanda ake sayen kati da biyan gudummawar biki daga cikinsa. Haka kuma, a lokacin da farashi yake hawa, a riƙa tambayar kuɗin buhu a kasuwa tun kafin na hannu ya ƙare, domin wanda ya sayar a kan tsohon farashi yana iya ganin ya ci riba, alhali kuɗin ba za su sayo masa sabon buhu ba.

Ɓarna ta biyu kunya ce take kawo ta. Ɗan'uwa ko suruki ya zo ya ɗauki kaya ya ce sai ƙarshen wata, mai shago ya kasa hanawa, ya kasa rubutawa, daga baya kuma ya kasa tambaya. A ƙarshe kuɗin ba su dawo ba, zumuncin ma ya yi tsami. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umurni take yi da a rubuta bashi tare da ajalinsa. Akwai kuma hanyar hanawa cikin ladabi. Mutum yana iya cewa, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan kuɗin sari ne, idan ya fita bashi ba zan iya komawa kasuwa ba. Ga kwano ɗaya, kyauta na ba ka." Kyautar da aka san iyakarta ta fi bashin da ba a sa ran dawowarsa, kuma ita ma a rubuta ta a cikin abin da ya fita daga riba.

Akwai wasu halaye da suke biye da waɗannan, kamar barin shago a hannun yaro ba tare da ƙidayar kaya ba, da saurin sauya sana'a don an ga maƙwabci yana ciniki. Amma tushensu ɗaya ne, wato gudun lissafi. Mutane da yawa ba rashin iya ƙirga ne yake hana su zama da littafi ba, tsoron abin da za su gani ne, kuma muddin ba a duba ba, ramin yana ƙara zurfi ne.

Saboda haka aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya samu ƙaramin littafi, ya raba shafi gida uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da aka ba da bashi. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya sa lambobi kawai, tare da wata alama da zai gane mai bashin da ita. A cika shafin kowace yamma kafin a tashi daga kasuwa, har da kuɗin goro da na ruwan sha, sannan a zo da littafin a aji mai zuwa domin mu fitar da ribar kowa tare.