Kurakuran da ake yi wajen sayen mota haibrid a Abuja

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, motar haibrid, wato mai haɗa injin fetur da batir, ta samu kasuwa. Sai dai da yawa suna saye ne da ka, daga baya kuɗin da suka rage a gidan mai ya ƙare a hannun bakanike.

Kuskuren farko, ba a duba hanyar da za a riƙa bi. Haibrid a cunkoso take nuna kanta: idan ka tsaya injin yana mutuwa da kansa, idan ka taka birki kuma batir yana samun caji. Mai fama da gosulon Nyanya da Mararraba safe da yamma zai ga bambanci a aljihunsa. Wanda kullum yana kan titin Kaduna ko Lokoja da gudu, injin ne ke aiki kusan ko da yaushe, ragin ba zai kai yadda dillali ya faɗa masa ba.

Babban kuskuren kuwa shi ne sayen tokumbo ba tare da gwada babban batir, wato wanda ke taya injin jan motar, ba. Fenti da kujeru ba sa nuna lafiyarsa. A Toyota Prius ta 2004 zuwa 2015, batirin ɓangarori 28 ne, kowanne bolt 7.2, kuma ɗaya ya yi rauni sai ya ja sauran. A kai motar wurin mai kwamfutar duba haibrid, a garejin bakanikai na Apo ko wani wuri, ya karanta ƙarfin ɓangarorin batirin yayin da injin ke aiki. Idan kwamfutar ta nuna lambar P0A80, tana nufin batirin ya gaji. Wasu dillalai kan goge lambar kafin mai saye ya iso, don haka a tuƙa motar kamar minti ashirin da esi a kunne, sannan a sake dubawa. Idan alamar caji tana cika tana zubewa cikin ƙanƙanin lokaci, a haƙura da motar ko a cire kuɗin batir daga farashin. A kuma bincika lambar VIN, wato lambar shasin da ake gano tarihin mota da ita, domin motar da ambaliya ta ci a Amurka ba ta da magani.

Akwai wata fanka da ke sanyaya batirin, a Prius ramin iskarta yana gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu tana toshe ta, wasu ma da jaka ko filo suke rufe ramin ba su sani ba. Zafi ne ke kashe batir, ga kuma ranar Abuja a watan Maris. A buɗe fankar kafin saye, a riƙa share ta ko sau ɗaya a shekara.

Esi ma yana da nasa sharaɗi. Kwamfuresarsa da lantarki take aiki, man ND-11 take so. Mai gyaran esi na bakin titi ya zuba man da ya saba, lantarki sai ya fara zurarewa, motar ta ƙi tashi. Baƙin mai kuma 0W-20 ne a Prius ta 2010 zuwa 2015, ba mai kaurin da ake ɗura wa tasi ba. Wayoyin da ke da launin lemo su ke ɗauke da lantarkin babban batir, kada wanda bai ƙware ba ya taɓa su.

Mai zama inda wuta ba ta tsayawa kada ya ƙara kuɗi kan haibrid ɗin da ake jona wa soket, domin idan ba a caja ta, nauyin batir kawai take ɗauka. Prius kuma cikinta a ƙasa yake, mai shiga unguwannin da ba kwalta gara ya duba RAV4 ko Highlander haibrid.