Yadda Za Ka Yi Idan Wayarka Ta Ɓata Ko Aka Sace Ta

Wanda ya laluba aljihu ya ji wayam, kuɗin wayar da hotunan da ke ciki ne ke fara zuwa masa a rai. Amma abin da ya fi hatsari shi ne ɗan sim ɗin da ke cikinta. Ta layin nan banki ke turo lambar tabbatarwa, ta shi ake buɗe WhatsApp, ta shi ake canza kalmar sirrin imel. Ɓarawon da ya san kan sana'arsa ba ya wahalar da kansa wajen buɗe wayar, zare sim ɗin kawai zai yi ya sa a wata.

Da farko ari wayar wani ka kira lambarka. Wataƙila ta zame ƙarƙashin kujera ne, ko wani mutumin kirki ya tsince ta. Idan ta shiga aka katse, ko ka ji ta a kashe alhali ka san da caji a cikinta, to a hannun wani take.

Nan take ka kulle ta daga nesa. Mai Android ya buɗe android.com/find ya shiga da asusunsa na Google, mai iPhone kuma icloud.com/find. Za ka ga inda aka ga wayar a ƙarshe a kan taswira. Android za ta iya yin ƙara na minti 5 da cikakken sauti ko da ka bar ta a shiru. Kulle ta, ka rubuta saƙo a fuskarta da wata lambar da za a same ka. A iPhone, sa ta a matsayin wadda ta ɓata yana dakatar da katunan bankin da ke cikin Apple Pay, wato hanyar biyan kuɗi da wayar. Idan taswirar ta nuna wani gida, don Allah kada ka doshi wurin kai kaɗai. Wannan aikin 'yan sanda ne.

Sai layi. Kira kamfanin sadarwarka ka ce a toshe shi yanzu, kada ka bari sai gobe. Wasu kan yi jinkiri da fatan ɓarawo zai ɗaga kira a yi sulhu, ni kuwa ban ga hikimar wannan ba, domin a cikin awa ɗayan da kake jira ana iya kwashe abin da ke asusunka. Kana ajiye wannan kiran ka kira bankinka: a dakatar da manhajar banki da duk hanyar tura kuɗi da ke ɗaure da layin, haka ma katin cirar kuɗi idan yana maƙale a bayan wayar. Sannan ka sanar da 'yan uwa da abokai, domin saƙon "turo mini kuɗi cikin gaggawa" da sunanka ba ya daɗewa bai fara yawo ba.

Wajen canza kalmomin sirri, fara da imel, tunda ta nan ake dawo da sauran. WhatsApp kuma da zarar ka karɓi sabon sim mai lambarka ta da, ka yi rajista da lambobi 6 da za a turo maka, wanda ke tsohuwar wayar zai fita da kansa.

Ka kai rahoto wurin 'yan sanda riƙe da lambar IMEI. Lambobi 15 ne da kowace waya ke da nata, suna jikin kwalin da ta zo a ciki. A ƙasashe da dama kamfanin sadarwa na iya hana wayar aiki da kowane layi ta hanyar wannan lamba, takardar rahoton kuma za ta kare ka idan aka aikata laifi da wayar.

Goge duk abin da ke cikinta shi ne mataki na ƙarshe, sai ka fid da rai da dawowarta, domin Android da aka goge ba ta ƙara bayyana a taswira. Mai iPhone ya goge, amma kada ya cire wayar daga asusunsa na Apple. Muddin tana ciki, ba mai iya amfani da ita sai da kalmar sirrinsa. Wannan ne ma ya sa bayan kwanaki saƙo kan zo yana cewa an gano wayarka, ka danna nan ka shiga. Ɓarayin ne ke neman kalmar sirrin. Kada ka danna, kada ka amsa.

Ranar da ka riƙe sabuwar waya, danna *#06# ka rubuta IMEI ɗinta a takarda, ka kunna manhajar nemo waya, ka kuma sa wa sim ɗin lambar sirri tasa. Wanda ya zare shi ya sa a wata waya sai ya shigar da ita, idan ya kuskure sau 3 sim ɗin ya kulle, ba ya buɗuwa sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo shi.