Yadda za ka zaɓa wa yaro littafin hutu ko na Sallah wanda zai karanta

Kowace shekara ana samun kawu ko gwaggo mai kyakkyawar niyya da zai ce bana littafi zai saya wa yara maimakon kuɗin barka da sallah. Sai a miƙa wa yaro da safiyar Idi, yana cikin sabuwar shadda, hankalinsa duk ya tafi yawon sallah da dawakan Hawan Daushe. Ya ce ya gode, ya ɗora a kan talabijin, bayan kwana biyu ƙaninsa ya yage bangon. Daga nan a ce yaran yanzu ba sa son karatu, alhali lokacin aka kuskure, littafin ma ba a gwada shi da yaron ba.

Fara da duba kalanda. Littafi ba ya iya gasa da ranar Sallah, don haka ka ba da shi kafin ta ko bayan an gama hawa. Na azumi a bayar a kwanakin farko, domin tsakanin la'asar da magariba ne yaro mai koyon azumi yake zarya tsakanin agogo da madafa, a nan littafi yake samun shiga. Da an kai goma ga wata tashe ya cinye daren. Na ƙaramar Sallah ka jira sai an yi Hawan Nasarawa, kuɗin yawon sallah sun ƙare a alawa da balan-balan. Kuma kada ka soke masa barka da sallah saboda littafi, zai riƙe littafin a zuci. Saka 'yar sabuwar takardar kuɗin a tsakiyar shafi, ka ba shi tare. Dogon hutu na ƙarshen Yuli zuwa Satumba kuwa, ƙyale shi ya sha wasa makon farko, ka fito da littafin idan ya fara cewa ya gaji da zama.

Sai ka haɗa littafin da abin da yaro yake gani a lokacin. A azumi, tarihin annabawa mai manyan baƙaƙe da gajerun babi. Gabanin babbar Sallah, ƙissar Annabi Ibrahim da ɗansa Annabi Isma'il (AS), a karanta tun ragon yana ɗaure a tsakar gida yara suna ba shi dusa. A watan Rabi'ul Awwal, sirar Manzon Allah (SAW) ta yara. Don irin waɗannan, masu littattafan addini na Kasuwar Kurmi ta Kano za ka nufa. Dogon hutu shi ne lokacin Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Littafi uku ne, amma na ɗaya kaɗai za ka saya tukuna, inda aku yake ta jan Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita. Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934, gajere ne, kuma rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe yana sa yara dariya har yau. Ƙanana kuwa Gizo da Ƙoƙi sun ishe su, idan ka dace da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya kada ka bar shi.

Matakin da kusan kowa yake tsallakewa shi ne gwaji. Iyaye suna saye da aji: ai ɗan aji biyar ne, zai iya. Aji ba ya karatu. Je da yaron kasuwa, ko ka aro kwafi a maƙwabta, ka buɗe shafi a tsakiya, ban da na farko, ka ce ya karanta a bayyane. Saurara da kyau. Idan yana tuntuɓe a kusan kowane layi, ko ya kai ƙarshen shafi ka tambaye shi me ya faru ya tsaya yana kallonka, mayar da littafin, komai sunansa. Yara da yawa na makarantun kuɗi a Kano suna jin Hausa kamar jakin Kano, amma ba a taɓa zaunar da su an koya musu karanta ta ba. Za ka ji ya karanta ƙafa kamar kafa, ɗaki kamar daki, ya zo kan 'ya'ya ya tsaya cak. Irin wannan yaron idan ka ɗora masa Hausar Imam mai cike da waziri da barade da maganganun fada, shafi biyu zai yi ya gudu, kuma ba zai faɗa maka dalili ba, kunya yake ji. A ba shi tatsuniya mai hoto ko da ya girme ta, manyan su biyo baya a hutu na gaba. Haka ma wanda Hausarsa ta zauna amma Turancin bai kama ba, kada a sayo masa labarin dusar ƙanƙara don kawai bangon yana sheƙi. Ƙa'idata ita ce littafin hutu ya zama ƙasa kaɗan da ƙarfin yaro, wanda zai zarce da shi ba tare da ya nemi kowa ba. Mai wuya na makaranta ne, can akwai malami.

Idan ka tsaya gaban mai littafi a Sabon Gari, kada ka biya sai ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Kwafin satar fasaha ya yi yawa, wani tawadar ta dushe, wani shafi goma sun ɓace a tsakiya, wani an manna shi a kife. Arahar ba ta da amfani idan labarin ya yanke. Sannan ba duk littafin Hausa mai kyan bango ne na yara ba, na soyayya suna jere a tebur ɗaya, karanta shafi biyu da kanka. Ka yi sayayyar kafin goman ƙarshe na azumi, lokacin da kasuwa ba ta shiguwa saboda masu kayan sallah. Idan na yara da yawa ne, saya a wuri ɗaya ka nemi ragi. Idan aljihu ya yi sanyi, na hannu ma ya yi, ko ka kai su Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello.

Daren farko kai za ka karanta masa labari ɗaya, da muryoyi, ka tsaya daidai inda ya fi daɗi ka ce barci kake ji. Ka bar littafin a inda hannunsa zai kai, ban da cikin sif. Kada ka ce ya taƙaita maka a rubuce, ya riga ya sha lesin da Islamiyya. Rubuta sunansa da shekara a ciki, a lulluɓe bangon da leda, a ɗauke wayar aƙalla awa guda bayan isha'i. Idan ya gama su yi musaya da 'ya'yan 'yan uwa, kafin a koma makaranta kowa ya karanta uku ko huɗu da kuɗin ɗaya.