Kafin ka biya kuɗin faifai, a sa maka waƙar ƙarshe

Salam 'yan uwa na Jidda, musamman masu zuwa kasuwannin Balad da Haraj Sawarikh neman faifan CD na waƙoƙi.

In mai shago zai gwada maka, kar ka yarda da waƙar farko. Ka ce ya tsallaka zuwa ta ƙarshe, ka saurara ko da minti 1 ne.

CD daga tsakiya yake fara karantawa ya yo waje, to waƙoƙin ƙarshe suna can bakin faifan, wurin da yatsu suke taɓawa kuma nan ne ya fi karcewa, shi ya sa za ka ji farko lafiya lau a shago, sai ka hau titi a mota ya fara maƙalewa yana in'ina.

Sannan ka ɗaga shi saitin fitila. In haske na ratsowa ta wasu 'yan ƙananan ramuka, ajiye musu kayansu, gogewa ba ta gyara wannan.

Amma fa dabarar ba ta ci ko'ina. Faifai na ɗaukar kusan minti 80, in album ɗin gajere ne rubutun bai kai baki ba, sai ka gwada ta tsakiya ma. Sabo dal a leda kuwa da wuya a buɗe maka, ka tambaya tun kafin ka biya ko ana canzawa, ka riƙe fatura, wato rasit.

Kuma don Allah kar ka bar shi kan dashbod, ranar garin nan ba ta da wasa.