Yadda ake rainon tsiron Kalanchoe tomentosa a cikin ɗaki

Kalanchoe tomentosa tsiro ne ɗan asalin tsibirin Madagaska, mai ganye masu kauri waɗanda farin gashi mai laushi kamar karammiski ya lulluɓe, da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a bakin kowane ganye. Sunansa ma daga gashin aka samo shi, domin kalmar tomentosa a harshen Latin tana nufin abin da gashi ya rufe. Gashin nan yana rage wa ganye zafin rana, yana kuma hana ruwan da ganyen ya ajiye saurin fita, kuma wanda ya gane haka ya gane cewa yawan ruwa ya fi ƙishirwa haɗari ga wannan tsiro.

A dasa shi a ƙaramar tukunyar ƙasa mai huji a gindi, domin tana numfashi, tana bushewa da wuri fiye da ta roba. A haɗa ƙasar lambu da yashi mai ƙananan tsakuwa rabi da rabi, a kuma nisanci laka, wadda take riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe.

Wajen ban ruwa ne mafi yawan mutane suke rasa shi, kuma cikin kyakkyawar niyya. Kada a sa masa ranar shan ruwa kamar yadda ake yi wa alayyafo. A soka tsinke har ƙasan tukunya, idan ya fito da danshi a dakata, sai ranar da ya fito a bushe sannan a zuba ruwa sosai a kan ƙasar har ya zubo ta huji, a kuma zubar da wanda ya taru a faranti. Wannan kan kai mako biyu zuwa uku, da damina kuwa tazarar ta fi haka. Ba a yayyafa wa ganyen ruwa, saboda gashin yana riƙe danshi a tsakankaninsa, kuma daga nan ruɓewa take farawa. Ganyen da ya yanƙwane ƙishirwa yake ji, kuma ban ruwa ɗaya yakan farfaɗo da shi, amma wanda ya yi rawaya ya yi luguf alama ce ta ruwa ya yi yawa, sai a tumɓuke tsiron, a yanke saiwar da ta yi baƙi, a sake dasa shi a busasshiyar ƙasa.

Taga mai kallon gabas ta fi dacewa da shi, domin hantsi yana yi masa amfani, ranar azahar ta Maris da Afrilu kuwa tana iya ƙona ganyen. Idan ya fara miƙewa siriri, ganyen suna nisa da juna, haske ne bai ishe shi ba.

Da hunturu ƙura takan maƙale a gashin har ya dusashe, kuma maganinta busasshen burushi mai laushi, ba wanki ba. A lokacin sharar a duba gindin ganye da kyau, saboda akwai ƙananan ƙwari farare masu kama da ɗigon auduga da suke ɓuya a nan suna tsotse ruwan tsiron, kuma launinsu ya saje da nasa. A dangwala auduga a sifirit na asibiti a goge su ɗaya bayan ɗaya.

Mai son ƙarin tsiro ya ɓalle lafiyayyen ganye daga tushensa, ya bar shi a inuwa kwana biyu ko uku har bakin ciwon ya bushe, sannan ya ɗora shi a kan ƙasar. Saiwa tana fitowa cikin 'yan makonni, amma girman yana da nawa, saboda haka kada a riƙa ɗaga ganyen ana leƙawa. A ajiye tukunyar inda kyanwa, kare da ƙananan yara ba za su kai ba, domin tsiron yana da guba idan aka ci.